Lambar Da Idona Ya Ɗauka

Sallama gare ku, masu karatu. Sau huɗu ina rubuta shafin nan ina gogewa. Ni ko a gida sai an ce "ɗaga murya mana, Auta" kafin a ji abin da nake faɗa, balle a gaban mutanen da ban sani ba. In kun ga ina kewaye-kewaye ku yi mini uzuri. Abin da ya same ni a satin nan ya fi ƙarfin cikina.

Bari in fara da keken Umma.

Ummana tela ce. A ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu take aiki, kuma a tsakiyar ɗakin akwai keken surfani mai kwamfuta, fari, mai allura shida, wanda take lallaɓawa fiye da mu da ta haifa. Kullum da safe sai ta goge shi da wani tsohon ɗankwali mai laushi kafin ta kalli fuskar kowa. A zana fure a kwamfuta, a tura masa, shi kuma ya fitar da shi a jikin yadi kamar mai hannu. Shekara biyu da suka wuce kamfanin da ya ƙera shi ya daina kula da manhajar da ke tura masa zane. Da tsohuwar kwamfutarmu ta mutu, sabuwar ta ƙi karɓar manhajar ƙememe. Keke lafiyarsa ƙalau, amma ya zama kurma. Furanni goma sha biyun da ya zo da su kaɗai yake iya yi, Umma tana ta juya su, har masu kawo ɗinki suka fara gane furensu a kafaɗar juna.

A wajen neman mafita na ci karo da su. Mutane ne wajen sittin, kowa da ƙasarsa, ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Sabuwar manhaja suke rubuta wa irin wannan keken, ba don a biya su ba. Ranar da na karanta lasisin da suka ɗora mata, sau uku na maimaita shi kamar wasiƙa. Ya ce kowa na iya ɗauka, ya leƙa cikinta, ya gyara, ya ba wani. Sharaɗi ɗaya ne: ƙofar da ka tarar a buɗe, kada ka rufe wa na bayanka. Na zauna ina tunanin wai akwai mutane irin haka a duniya, ni ina nan cikin littattafai ban sani ba.

Sai dai suna da wata doka mai tsauri. Gida biyu suka raba kansu. Na farko masu lura ne: su kunna keke, su auna ɗinki da rula, su rubuta yadda yake yi. Sai wata dattijuwar lauya da ta yi ritaya, wadda kowa ke kira Lauya kawai, ta karanta bayanansu ta tace. Sannan a miƙo mana, mu 'yan ɗaki mai tsabta. Ba ɗakin bulo ba ne, suna ne. Mu ne muke rubuta manhajar daga waɗannan bayanan kaɗai. Duk wanda ya taɓa ganin asalin rubutun manhajar kamfanin, ko layi ɗaya ne, ba ya sa mana hannu. Domin in kamfanin ya tsaya a kotu ya nuna an kwafi nasa, aikin mutum sittin na iya rushewa a yini ɗaya. Kafin su karɓe ni sai da na sa hannu a wata takarda. Jimla ɗaya ce a tsakiyarta: idona bai taɓa gani ba.

A can sunana Zare. Sashena shi ne dogon taku, wato yadda allura ke tsallakawa daga wannan gefen fure zuwa wancan. Wata bakwai ina kansa. Saura matsala ɗaya tak: in furen ya yi girma, sai keken ya birkice, zare ya tsinke, yadi ya tattare. Akwai iyakar tsawon da yake iya tsallakawa a taku ɗaya, kuma babu wanda ya gano ta daidai.

To, yanzu Injiniya.

Gyaran keken ne ya fara kawo shi gidanmu. Dogo ne, mai tabarau, in ya cire takalmi a bakin ƙofa sai ya jera su daidai kamar za a ɗauke su hoto. Sau uku ya dawo duba wata allura da babu abin da ya same ta, a na huɗu Umma ta ce, "Ɗan nan, in Abbanta kake nema yana ciki." Gwaggo, yayar Abba, wadda ke zaune tare da mu, tun ranar ta ɗauki maganar a ka.

"Mutum da sana'arsa, da kunyarsa, ga tsafta! Ke me kike jira, a buga shi a littafi ki karanta tukuna?"

Abba bai matsa ba. Cewa ya yi, "Babu tilas, Auta. Amma ba a barin mutumin kirki yana zarya. Ranar Asabar nake son jin bakinki."

Ina son sa, masu karatu. Kai, ga shi na rubuta. Amma akwai abin da na sani tun farko: shekara huɗu ya yi aiki a kamfanin nan, kuma a kan manhajar nan. Abin da mu sittin muke lalube a duhu, shi yana cikin kansa. Laifina shi ne kunya ta hana ni zaunar da shi in yi masa bayanin dokar sosai. Cewa kawai na yi, "Kada mu riƙa maganar aikina." Shi kuma ya ɗauka kawaici ne irin na mata.

Ranar Talata bayan la'asar ina ɗakin ɗinki, sanye da tsohuwar doguwar rigata ruwan toka mai yagaggen aljihu, ina warware wani gwaji da ya lalace. Umma tana zura zare. Gwaggo tana kan tabarma tana yanke farce tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta. Wayata ta yi ƙara, saƙon Injiniya ne.

"Malama, kin ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya. Daga nan ina jiyo kukan cikinki."

"Zare ne ya sake tsinkewa. Na gaji wallahi."

Ya ɗan jima yana rubutu yana gogewa. Sai ga shi: "Ranar Lahadi na ga idonki duk ya faɗa. Ga wata 'yar kyauta. Ta fi turare."

Hoto ne ya biyo baya, bai gama buɗewa ba, dishi-dishi. Baƙin allo da layukan rubutu ƙanana. Ban san lokacin da na saki wayar a kan teburin yanka ba, kamar na taɓa dutsen guga.

"Me ya aiko?" Gwaggo ta riga ta miƙe. "Zobe ne? Mu gani."

"Gwaggo, don Allah kada ki..."

Ta danna. Ta matso da wayar kusa da hanci, ta nisanta ta, ta yamutsa fuska. "Wannan wace irin wasiƙar soyayya ce, kamar tururuwa ta faɗa cikin tawada? Ke 'yar boko, karanta mini."

Ta juyo mini da allon daidai fuskata.

Na runtse ido. Amma ni tun ina ƙarama haka Allah Ya yi ni, in na kalli shafi sau ɗaya sai ya zauna. A makaranta abin yabo ne. Ranar nan kuwa, kafin fatar idona ta haɗu, na ɗauki layi ɗaya da lamba ɗaya. Kuma nan take na gane komai. Wata bakwai na wahala ya warware a kaina cikin ƙiftawar ido, abin da sauƙi, da kyau, har sai da tsigar jikina ta tashi. Minti biyar ya ishe ni in gyara sashena.

Na zauna a ƙasa na fashe da kuka.

Da na yi musu bayani cikin shessheƙa, Gwaggo ta riƙe haɓa. "Yanzu don Allah kukan me kike? An ba ki amsa kina kuka? Wa ya gan ki? Mutanen da ko sunanki na gaskiya ba su sani ba! Ki rubuta abinki ki ce mafarki kika yi. Ga rigar amaryar mutane can a rataye sati biyu, uwarki na jiran keke."

Na kalli rigar. Ruwan madara ce, mai faɗin hannu, ƙirjinta fayau yana jiran babban furen da keken ba ya iya yi. Wallahi zuciyata ta karkata. Gaskiya Gwaggo ta faɗa, babu wanda zai taɓa sani.

Umma ba ta ɗago daga allurarta ba. "Takardar da kika sa wa hannu, me ta ce?"

"Ta ce idona bai gani ba."

"Yanzu fa?"

"Ya gani."

"To." Ta lashi bakin zaren ta ci gaba da zurawa.

Injiniya na fara kira. Ya ɗauka da dariya a muryarsa. "Yaya, kyautar ta yi?"

Na gaya masa komai, da ɗakin, da takardar, da Lauya, da kotu, duk abin da ya kamata in faɗa tun watanni.

"Layi uku ne fa kawai, Malama."

"Ko rabin layi ne, ranka ya daɗe."

Dariyar ta bar muryarsa. Ya ce, "Innalillahi. Ni da na zo share miki hawaye." Ya kashe.

Na jima ina kallon rigar amaryar kafin na rubuta wa Lauya. Na faɗi ranar, da lokacin, da yadda aka yi. Na tura, na rufe kwamfutar, na tabbatar wa kaina cewa Zare ta ƙare, za su goge wata bakwai ɗina su rufe mini ƙofa.

Da safe amsarta tana jirana. Gajeren rubutu take yi, kamar mai tsoron tawada ta ƙare.

"Kada ki rubuta lambar a ko'ina, ko gare ni. Duk abin da kika tura kafin ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na jiya yana nan, tarihin aikin ya nuna ranar kowane layi. Amma sashen dogon taku ya fita daga hannunki har abada. Ba za ki yi magana a kansa ba, ba za ki yi nuni ba. Shekara talatin ina wannan aiki, mutum uku ne suka kawo mini ƙarar kansu. Biyu a jiya. Mutuminki ya riga ki da minti ashirin. Ya sa cikakken sunansa, ya ce ya riƙe tsohon rubutun da bai kamata ya riƙe ba, ya goge shi, kuma ya san wasiƙar nan na iya jawo masa rigima da tsohon kamfaninsa. Ya roƙi kada a taɓa aikinki."

Na karanta na sake karantawa. Minti ashirin. Wato yana ajiye wayata ya zauna ya rubuta, lokacin ni ina nan ina kallon rigar amarya ina ciniki da zuciyata.

Shugaban aikin, wanda muke kira Mai Makulli don shi kaɗai ke shigar da gyara cikin manhajar, ya sanar a dandalinmu: "Zare ta sauka daga dogon taku bisa gaskiyar da ta faɗa da bakinta. Kada kowa ya tambaye ta komai. Masu lura, ku ɗauki rula."

Kwana ukun da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu ba. Ina zaune ina kallo, amsa na cikin bakina, an hana ni ko ɗaga ɗan babban yatsan nan da ake manna wa saƙo. Wani ya kawo lamba, ta yi ƙasa. Wani ya kawo tasa, ta wuce. Ranar Laraba wani malamin lissafi ya zo daf da ita, saura ƙiris, sai ya ce a'a ya yi kuskure, ya koma baya. Na ciji gefen mayafina har ya jiƙe. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ikon Allah, yarinya na kallon rubutu kamar ana wasan ƙwallo."

Ranar Alhamis sai ga hoto daga wata tela da ban taɓa jin ɗuriyarta ba, harshenta ma sai da na sa waya ta fassara mini. Farin ƙyalle ne a kan teburin katako. Ta ɗinka layi arba'in a jere, kowanne ya fi na bayansa tsawo da kaurin gashi, ta ajiye rular ƙarfe a gefe. A kusurwar hoton ana ganin jelar kyanwarta, da taga mai ƙanƙara a waje. Ta zagaye layi na talatin da ɗaya da jan alli, inda zare ya fara tsinkewa. A ƙasa ta rubuta lamba.

Ita ce. Ba ƙari, ba ragi.

Matar nan ba ta ga rubutun kowa ba. Ƙyalle ta tambaya, ƙyalle ya gaya mata. Na dafa ƙirjina ina ta tasbihi a zuci, ina kallon jelar kyanwar nan kamar wata aya. Lauya ta tace bayanin, wani ɗalibi a wata nahiyar ya rubuta gyaran a kan sashena, Mai Makulli ya shigar. Ranar Juma'a da hantsi Umma ta ɗaura rigar amarya a keke, ta ce bismillah, ta danna. Allura shida suka tashi. Muka tsaya mu uku, har Gwaggo ta yi shiru, muna kallon furen da babu shi a duniya jiya yana buɗewa ganye bayan ganye. Zare bai tsinke ba. Umma ta shafa shi da bayan yatsa, ta juya ta ce wai wani abu ne ya faɗa mata a ido.

Da na ɗauka shi ke nan. Sai ga sabuwar takarda daga Lauya, don in ci gaba da aiki a sauran sassan. An ƙara tambaya ɗaya a ƙasa: "Kina zaune, ko za ki zauna, gida ɗaya da wanda ya ga rubutun kamfanin?" Akwati biyu, a'a da eh. Ta haɗa da 'yan layuka: "In eh ne, sai mun zauna a kai, ban yi miki alkawari ba. An taɓa yi. Amma sai da mutumin da zai iya kallon ki kina wahala, amsa na bakinsa, ya haɗiye. Ba kowane mai so ke iya wannan ba."

Ranar Asabar Injiniya ya zo bayan azahar, cikin farar riga mai dogon hannu, ya rame kamar wanda ya yi jinya. A bakin ƙofa ya jera takalmansa, ya ciro wayarsa ya miƙa wa Gwaggo. "Gwaggo, riƙe mini wannan, ita ce mai laifin."

"Mu biyu ne masu laifin, ɗan albarka. Shiga."

Na sa doguwar rigata shuɗiya da farin mayafi, na shiga falo da tiren shayi a hannu ɗaya, kwamfuta a ɗayan. Gwaggo ta zaro ido. Ban kula ta ba. Na zauna a kujerar da ke gefensa, inda zai ga allon sarai, na buɗe sabuwar matsalar da aka ba ni, ta canjin launin zare. Na san ya san amsarta. Na fara aiki.

Minti biyar yana kallon kofinsa. A na goma na gan shi ta gefen ido ya kalli allon, ya kau da kai da sauri. Na rubuta wani layi, na san ba daidai ba ne don kwamfutar ta yi ja. Ya yi gyaran murya. Ya buɗe baki. Na ɗauke yatsuna daga kan kwamfutar.

"Shayin ya yi daɗi," ya ce.

Na sake gwadawa, ta sake yin ja. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi alhali fanka na juyawa. Daga bayan labule ina jin Gwaggo tana raɗa wa Umma, da irin raɗarta da ake ji har titi: "Faɗa suke yi? Wannan wane irin zance ne, babu mai cewa uffan?"

A karo na uku da na kauce hanya, ya miƙe zumbur. "Malama, ina zuwa." Ya fita ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba, shi da ke jera su.

Minti arba'in na ƙara ina fama ni kaɗai. Sannan na gano ta. Da kaina, daga bayanan masu lura, ba daga bakin kowa ba. Allon ya yi kore. Na ɗaga labulen taga. Yana can bakin ƙofar gida, cikin tsakiyar rana, ya juya wa gidan baya, hannunsa ɗaya a kan bakinsa.

Abba ya shigo falo yana gyara hula. "To, Auta, shirun ya isa haka. Me zan gaya wa mutanensa?"

Na jawo takardar Lauya a allo, na danna akwati na biyu, na tura kafin tsoro ya kama hannuna.

"Abba," na ce, kuma karo na farko a rayuwata babu wanda ya ce in ɗaga murya, "a ce masa ya shigo daga rana."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa daga bayan labule. Ba ta kai ga sauke ta ba wayata ta yi ƙara a kan tebur, sunan Lauya ya fito. Gwaggo ta miƙa hannu yadda ta saba, sai ta janye shi da sauri ta ɓoye a bayanta.

"A'a, na tuba. Buɗe abinki da kanki."

Ga wayar nan a gefena ina wannan rubutun, na kifa ta a kan fuskarta. Har yanzu ban buɗe ba.